Jinin Ɓeraye Kafin La'asar

Ƙarfe tara na safiyar Litinin Sufeto Sada Siddiq ya isa wata cibiyar binciken cututtuka da ke GRA. An ce masa sata aka yi. Ya zo da tunanin janareto ko kwamfuta, sai aka nuna masa wani gurbi a cikin firij wanda bai fi tafin hannu ba.

"Mi aka ɗauka nan?"

Wadda ta amsa Sumayya ce, mai binciken digiri na uku. Idonta ya yi ja.

"Kwalabe goma sha biyu, ranka shi daɗe, cikin kwali guda. Antibodi ne."

"Malama, yi mani da Hausa."

Ta yi masa. Fararen ƙwayoyin jinin ɓera jinsi-jinsi ne, amma a ido duk kamarsu ɗaya. Ruwan kowace kwalba jinsi ɗaya yake nema ya manne masa, ya ba shi launinsa, wani kore wani ja, sai na'ura ta ƙirga su. Da haka take gano waɗanne ƙwayoyi ne ke tashi idan zazzaɓin cizon sauro ya shiga jiki.

"Wata bakwai na yi ina jiransu daga waje," in ji ta. "Kuma da safen nan na ɗebi jinin ɓerayena na ƙarshe kafin in buɗe firij. In ban sa masa ruwan ba zuwa la'asar, jinin ya lalace. Aikin shekara uku ke nan."

Sufeto bai tambaye ta dalilin ɗibar jini kafin duba firij ba. Ya ga ita ma tambayar da take yi wa kanta ke nan.

"Kwalaben fa, mi ke kashe su?"

"Zafi, da haske, da daskarewa. Sanyin firij suke so, ban da firiza."

Ya zagaya ɗakin hannu a baya. A kan tebur ya ga naɗin takardar alminiyan an yage shi da gaggawa. Ya buɗe firiza, ya ga layin jakunkunan ƙanƙara da giɓin guda biyu. Can ƙurya kuma akwai wani kwali da ya daskare, an rubuta ANAS a jikinsa. Sufeto ya karanta, ya mayar, ya rufe.

Shugabar wurin, Dakta Ramla, ta riga ta yanke hukuncinta. Ranar Juma'a, in maza sun tafi masallaci, mata sun tafi gida, mai shara kaɗai ke saura.

Aka kira Sabuwa mai sharar. Dattijuwa ce, ta shigo tana goge hannu da gefen zane.

"Inna, kin taɓa buɗe firij ɗin nan?"

"Ni? Wallahi ko kusa da shi ba ni zuwa. Hajiya ta hana."

Sufeto ya durƙusa ya nuna mata wani jan zobe a kan farantin ƙasa na firij ɗin, daidai girman gindin gora.

"Wannan jinin ɓera ne ko zoɓo?"

Sabuwa ta dubi Dakta Ramla, ta dubi ƙasa.

"Zoɓo ne, ɗan nan. Ranar Juma'a kaɗai, in zahi ya yi yawa. Amma na rantse, da na zo ɗaukar gorata wajen ukku, kwalin na nan. Har ture shi na yi."

"Ki ƙyale ta, Dakta," in ji Sufeto. "Laifinta zoɓo ne. Wanda ya ɗauki kwalaben nan ya naɗe su don kada haske ya taɓa su, ya haɗa su da ƙanƙara. Ɓarawo bai yi wa kayan da bai sani ba wannan gata."

Sumayya ta ɗago kai. Karo na farko tun safe ta ja numfashi har ƙasa.

"Ke nan suna iya kasancewa da rai?"

"In mun yi sauri."

Mutum uku ne suka san wannan aiki a cibiyar, Sumayya da Dakta Ramla, na ukun shi ne Malam Anas, babban ma'aikacin ɗakin gwaji. Shi ya koya wa Sumayya riƙe ɓera ba tare da ya cije ta ba. Ya gaida Sufeto gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, har da gajiyar hanya, alhali ofishin 'yan sandan bai fi tafiyar minti biyar ba.

"Ina ka tahi bayan Juma'a, Malam?"

"Gida, Kambarawa. Ban sake hitowa ba."

"Kwalin da ke cikin firiza naka ne?"

"Tsohon kaya ne. Sun ƙare aiki."

"Kwanan watan jikinsu ya ce sai baɗi."

Anas ya yi murmushi, ya ce ai ba kullum ake bin kwanan wata ba. Goshinsa dai ya fara naso, ga kuma na'urar sanyaya ɗaki tana ta aiki.

Sufeto ba shi da takardar izinin binciken gida, kuma kafin a samo ta la'asar ta yi. Sai ya ciro wayarsa ya kara a kunne, wayar da babu wanda ya kira.

"Na'am, Saje. A Kambarawa? Taransifoma ta kama da wuta? Tun ƙarhe bakwai babu wuta? To, ku kori mutane daga wurin."

Ya mayar da wayar aljihu, ya ci gaba da rubutu a littafinsa. Bai kai layi uku ba Anas ya nemi izinin kewayawa.

Sufeto ya ba shi taku goma, sannan ya bi shi. A bayan ɗakin ɓeraye ya same shi, ya juya baya, yana magana ƙasa-ƙasa da matarsa.

"Zulaihat, tada janareto yanzu-yanzu. Kak ki buɗe firij ɗin. A'a, kak ki sa shi cikin firiza, na roƙe ki! Mi? Akwai wuta?"

Ya juyo a hankali. Sufeto na tsaye.

"Akwai wuta, Malam," in ji shi. "Mu tahi mu ɗauko."

Ba a yi gardama ba. Kafin azahar suka dawo da kula shuɗiya, Anas na rungume da ita a kan cinya, bai yarda ko Sufeto ya riƙe ba. A gaban Dakta Ramla ya faɗi komai. Watan jiya, da firij ya sami matsala, shi ya kwashe nasa kwalaben ya sa a firiza, suka daskare suka mutu. Kuskuren da yake yi wa sababbin ɗalibai faɗa a kai ke nan. Ranar Juma'a da la'asar ya dawo da makullinsa ya ɗauke kwalin Sumayya. Niyyarsa ya kai jinin nasa binciken wani ɗakin gwaji a Zariya, ya ɗibi kaɗan daga kwalaben, ya mayar kafin a lura.

"Ban san yau za ta ɗebi jini ba."

"Malam," in ji Sumayya, "da ka tambaye ni ai da na ba ka."

"Na sani. Kunyar tambayar ce ta hi ƙarhina."

Sufeto ya kama hannunsa, sai Anas ya roƙi alfarma ɗaya, a bar shi ya ga gwajin farko. Sufeto ya duba agogo, ya ja kujera ya zauna.

Sumayya ta rage hasken ɗakin, ta warware takardar alminiyan, ta ɗiga ruwan a cikin jinin. Aka yi jiran rabin awa, Sabuwa na leƙe daga bakin ƙofa. Sannan na'ura ta fara zuƙar jinin. A allon kwamfuta ɗigo suka soma fitowa, kore suka taru gefe guda, ja suka taru nasu gefen.

"Alhamdu lillahi," in ji Sumayya, hawaye na zuba tana dariya. "Suna aiki. Duka suna aiki."

Anas ya rufe ido ya sauke ajiyar zuciya. A ɗakin nan babu wanda ya fi shi jin sauƙi, shi da za a tafi da shi.

Sufeto ya miƙe. A bakin ƙofa Anas ya waiwayo.

"Sumayya, rufe kwalin nan. Haske na taɓa su."

Ta rufe. Sufeto Sada ya fita da shi zuwa mota, da sauran awa biyu kafin a kira la'asar.