Tsaya Inda Kike

"Wallahi idan jirgin ƙasa na ƙarfe shida ya tafi ya bar mu, ni da ke ne!"

Likita ce, aminiyata, tana matse bakin mayafinta da ya jiƙe sharkaf. Ko kallonta ban yi ba. Idona na kan lemomin kare ruwa da suka cika dandalin, baƙa, ja, shuɗiya... babu ruwan ɗorawa ko ɗaya.

Tun safe ita nake nema, ita da wanda ke riƙe da ita.

Jagora.

Shekara biyu rabona da shi. Shi ke jan ƙungiyarmu ta yawon buɗe ido muna jami'a, can na kamu, har yau ban warke ba. Da ya turo neman aurena, Yaya Babba ya yi tsalle ya dire: "Mutumin da jaka ce gidansa? A aljihun gefe zai ajiye ki?" Jagora bai ja da shi ba. Ya saɓi jakar tasa ya bar ƙasar, ya sauya lamba. Abin da na sani kawai, a wannan birnin yake zagayawa da baƙi, yana ɗaga lema ruwan ɗorawa don kada su ɓace masa.

Kwana goma sha ɗaya muna yawo ƙasa-ƙasa da jaka a baya, wai buɗe ido. Likita ce dai ke buɗe idon. Ni saboda wannan yinin guda na fito, shi ne kuma sama ta ɓalle kamar da bakin ƙwarya.

A ofishinsu wata doguwa mai jan baki ta dubi hotonsa a wayata, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce ba ya aiki yau. Ƙarya take! Tsohon da ke yanka tikiti a gidan tarihi ya ƙwanƙwasa agogonsa da yatsa: minti ashirin da fitarsa. Muka ruga gada. Mai sayar da katin hotuna ta ce yanzun nan ya nufi hasumiya. Matakala ɗari biyu na hau, jaka na cin kafaɗata, na tarar da hazo da tantabara biyu.

"An ce daga nan ana hango birnin kaf," in ji Likita tana haki.

"Ban ga komai ba."

"Ni ma. Allah Ya raba ni da soyayya!"

Biyar da minti ashirin muka dawo dandali, gindin babban agogo. Kuka nake sosai, ba wanda ya sani sai ni, ruwa ya rufa mini asiri. Ina kewarsa... kewar da ta fi ƙarfin ƙirjina.

Na kai hannu zan gyara igiyar jakata, yatsana ya taɓa ɗinkin jan zare.

Shi ya ɗinke ta, ranar da na ɓata a kan dutse na yi awa uku ina zarya. Yana ɗinki yana faɗa: "Uwar Gaggawa, doka ɗaya ce. In kin ɓata, ki tsaya inda kike. Kina yawo ina yawo, sai mu yini muna saɓani. Ke tsaya, nema aikina ne."

Na sauke jakar na dire ta a gabana.

"Me kike yi? Tasha fa minti goma sha biyar ce!"

"Tsayawa zan yi."

"Ya ma san kin zo?"

"Ban sani ba, ƙawata."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta ja tsaki ta koma bakin wani shago ta fake. Amma ba ta tafi ba.

Shida saura kwata.

Saura biyar.

Ban taɓa aiki mai wuya kamar tsayuwar nan ba.

Agogo ya buga shida, zuciyata ta buga tare da shi. Shi ke nan...

"Uwar Gaggawa!"

Lemar a naɗe take a hannunsa, shi ya sa ban hango ta ba. A guje yake, ruwa na zuba daga gemunsa. Ya rame. Ya Allah, ya rame!

"Tsohon gidan tarihi ya ce wata mai jaka da jan ɗinki tana nemana. Na je gada, na hau hasumiya, na je tasha sau biyu..." Ya tsaya yana mayar da numfashi. "Sai yanzu kika tuna doka?"

"Sai yanzu."

Ya sunkuyar da kai. "Yaya Babba fa?"

"Shi ya kai ni filin jirgi. Shekara biyu yana kallona ina ƙarewa. Ya ce ka zo ka same shi, ko da jakar ce."

Ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗarsa na rawa. Can ya buɗe lemar ya ɗaga mini, shi ya tsaya waje cikin ruwa.

"To masoya, jirgi dai ya tafi," Likita ta ɗago murya daga bakin shago. "Ni kuma sanyi zai kashe ni."

Ya yi dariya, ya saɓi jakata. "Mu je, rabin raina."

"Kai ka ce in tsaya."

"Ai na same ki."