Matar da Ke Gaida Na'ura

Sufeto Barro bai ko gama shayinsa ba Korotimi ta faɗo ofis tana haki. Ma'aikaciyar jinya ce a asibitin da ke gwajin sabon maganin zazzaɓin masu ciki a nan garin Bobo.

"Yallaɓai, Jeneba ta ɓace. Ga tsohon ciki, ba ta zo awo ba."

"Kun kira ta?"

"Na'urarmu ke kiran matan kowace safiya. Mai lafiya ta danna ɗaya, mai zazzaɓi ta danna biyu mu tura mota. A wayarta ɗaya ake ta dannawa."

"To ai ƙalau take."

"Wallahi ba ita ba ce! Saurara."

Ta kunna abin da na'urar ta naɗa makon jiya. Sai ga Jeneba tana gaida na'ura, ina kwana, ya gida, ya yara. Sai da ta gama tas ta danna. Na wannan makon kuwa, ƙit! Ko sallama babu.

Sufeto ya miƙe tsaye. Ya ajiye kofin.

Mijin Jeneba yana ci-rani a Abijan. Wansa Zumana, mai sayar da jiƙo, shi ya tare su a gidan.

"Ta je ganin iyayenta, ranka ya daɗe."

"Da wayarta?"

"Da ita mana."

Sufeto ya dubi takalmanta na fita a ƙofar ɗaki.

"Ba takalmi ta tafi? Korotimi, sa na'urarku ta kira yanzu."

Sai ga hular Zumana tana kiɗa.

"Baba, ana kiran hularka. Ba ka ɗauka ba?"

Zumana ya zube ƙasa. "Jiƙona na ba ta, jiki ya rikice. In ta danna biyu likitoci za su gano, kasuwata ta mutu. Tana bukkar gona. Na zaci zazzaɓin zai sake ta."

A can suka same ta, jiki zau da zafi, amma da ranta. Likita ya ce da ita da cikin za su tashi. Korotimi ta fashe da kukan murna, aka sa wa Zumana ankwa aka tasa ƙeyarsa.

Da safe Sufeto ya leƙa asibiti, daidai wayar na ƙara. Jeneba ta kara a kunne, murya can ƙasa.

"Ina kwana? A gafarce ni, kwana biyu ban gaishe ku ba. Ya yara?"

Sufeto ya ja kujera ya zauna. Ya san gaisuwar nan da saura.