Ina Zuwa

Lailatu na tsugune bakin murhu tana dama kunun safe wayar mijinta Harisu ta yi ƙara. Ma'aikacin kula da dabbobi ne, ba shi da lokacin kansa: yau saniyar wani ta kasa haihuwa, gobe rigakafi can Tagriss. Ya gama saurare, ya zura takalmi, ya kama kan moto, babur ɗinsa na aiki.

"Ina zuwa," ya ce.

Ludayin da ke hannunta ta yi wurgi da shi, ya daki bango.

"Tahi mana. Tahi, kada ka komo. Wa ya riƙe ka?"

Harisu ya dube ta, ya fita.

Abin haushin shi ne auren soyayya suka yi, kuma Harisu ba mai yawon banza ba ne, ita kanta shaida ce. In ya ce zai je kasuwa ko ofis, har ƙofa take raka shi. Amma kalmomin nan biyu, waɗanda kowa ke faɗa ko bayan ɗaki zai zaga, da sun shiga kunnenta sai ƙirjinta ya ɗauki zafi, bakinta ya kuɓuce mata. In ya dawo ta yi kuka ta roƙi gafara, jibi a koma gidan jiya.

Aisata, ƙanwar Harisu da ke karatun halayyar ɗan Adam a jami'ar Yamai, ta zo hutu, kuma a gabanta aka yi. Ta ɗauko ludayin ta wanke.

"Anti, in tambaye ki? Laihin Yaya ƙarami ne, hushinki ko babba. A lakkwal an koya muna in ka ga haka, sau da yawa hushin na da wani mai shi tun da daɗewa. Da wa kike hwaɗa?"

"Da ke zan yi in ba ki rabu da ni ba. Ki kai karatunki Yamai."

Uwale, mahaifiyar Harisu, ɗakinta na cikin gidan, kuma ba kurma ba ce. Ta daɗe tana tarawa. Da la'asar, Harisu na shigowa ko ƙura bai karkaɗe ba, ta sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida ta kira su duka.

"Ni ban haihi ɗa don a riƙa korar shi kamar akuya ba," ta ce. "Maƙwabta sun ji, 'yan kai niƙa sun ji. Yau ka sallami yarinyar ga, ko ni in kwashe kayana in koma Kornaka. Zaɓi."

"Inna, ki yi haƙuri..."

"Haƙurin ya ƙare. Kai ka iya, ni ban iyawa."

Lailatu ta sunkuyar da kai tana hawaye. Duk abin da tsohuwar ta faɗa gaskiya ne. Harisu ya dubi uwarsa, ya dubi matarsa, ya ji in ya ƙara minti a wurin zai furta abin da ba ya so. Ya miƙe don ya sha iska a ƙofar gida.

"Inna, ina zuwa."

Kafin ya taka sau biyu Lailatu ta cafki rigarsa ta baya, har wuyan ya yage.

"Ƙarya kake! Haka ka ce wancan karon, ka aje ni bakin ƙofa ka ce in jira. Ba inda za ka, Baba!"

Lailatu ta saki rigar ta toshe bakinta da hannu. Ita ma yanzu ta ji abin da ta ce.

Uwale ta san Mainassara, mahaifin Lailatu, unguwarsu ɗaya a da. Ta san ranar da ya sauke 'yarsa daga kafaɗa, tana 'yar mitsitsiya, ya ce mata yana zuwa, ya hau motar Agadas zuwa Libiya. Ta sha wucewa ta ga yarinyar zaune a dakalin ƙofa da magariba, an yi an yi ta shiga ta ƙi. Daga baya labari ya zo yana nan da ransa, ya yi wani auren, ko gaisuwa bai taɓa aikowa ba.

"Matso nan," in ji Uwale. Har yanzu fushi ne a muryarta, sai dai ya sauya wuri. "Tun da ya tahi, kin taɓa hwaɗin abin da ya yi miki?"

"Mama ta ce uba uba ne, in yi mishi addu'a. Ina yi, Inna."

"Ci gaba da yi. Ban ce ki zage shi ba, Allah shi kiyaye. Amma mi ya yi miki?"

Lailatu ta ɗago kai. Tun tana yarinya aka nuna mata ba a faɗin wannan magana.

"Ya cuce ni," ta ce a hankali. Sai ta sake, da ƙarfi. "Ya cuce ni. Na jira shi, Inna. Ina jin haushinshi, wallahi ina jin haushinshi."

"Ni ma haka," in ji Uwale. "Ya gudu ya bar ɗana yana biya mishi."

Ta jawo kan surukarta ta ɗora bisa cinyarta, abin da ba ta taɓa yi ba. Aisata ta share ido da bakin mayafi. Harisu ya koma ya zauna a gefen tabarmar da yagaggiyar rigarsa, ya jira har kukan ya lafa.

Ba a ranar ta warke ba. Ta ɗauki watanni zafin na taso mata, sai dai yanzu ta san inda ya fito, takan dafe ƙirji ta ce wa kanta wannan mijinta ne. Harisu kuwa ya koyi faɗin inda za shi da lokacin dawowa, in ya makara ya kira. Haƙurinsa ne ya riƙe auren har gaskiya ta samu hanyar fita. Mu duba gidajenmu: sau nawa muke sauke wa mai ƙaunarmu fushin da aka hana mu yi da wanda ya ɓata mana?

Amma a wancan yammacin, Harisu sai da ya tambaya, don ba a janye maganar ba.

"Inna, zancen sallamar fa?"

Uwale ta harare shi, hannunta na kan Lailatu.

"An bar ta sau ɗaya a bakin ƙofa. Ba daga gidana za a yi na biyu ba."