Motar da Ta Juya Sunan Baba Imre

Ranar kasuwa ce da safe, Sufeto Milorad Kesic bai ko gama cin burodinsa mai cuku ba aka bugo masa waya. Mota ta buge wata mata a hanyar gonakin barkono, direban ya gudu.

Kafin ya isa rai ya yi halinsa. Gwaggo Jolan ce, mai sayar da ƙwai, wadda duk garinmu babu gidan da bai ci ƙwanta ba. Kekenta na kwance a cikin kwata, kwandon ya tarwatse a kan kwalta.

Wani mai tarakta ne kawai ya ga abin daga nesa.

"Motar Baba Imre ce, Yallaɓai, mai ruwan tokar nan. Direban ne dai ban gani ba, rana ta haske gilashin."

Kesic ya san motar, ya san mai ita. Baba Imre tsohon direban bas ne, shi ya riƙa kai rabin garin nan makaranta, har da Kesic ɗin. Yanzu mantuwa ta kama shi, ba ya tuƙi sai ranar Lahadi zuwa coci, 'yarsa Piroska na gefensa. Kuma Jolan maƙwabciyarsa ce tun suna yara.

Da suka isa gidan shi da Saja Dobrila, mijin Piroska, Radovan, ya tarye su tun daga bakin ƙofa.

"Wallahi yanzu nake shirin kiranku. Ina lambu na ji fitar mota. Can Baba ya dawo da ita, gabanta a lotse."

"Taka motar fa?"

"Tana wajen bakanike."

"Kana tuƙa wannan?"

"Ni? Ban taɓa zama a bayan sitiyarinta ba. Baba ba ya bari ko taɓa ta a yi."

Tsohon yana zaune a kicin. Kesic ya ja kujera ya zauna kusa da shi.

"Baba Imre, ka fita da mota yau?"

"Sun ce na fita." Ya ɗago jajayen idanu. "Milorad, sun ce na kashe Jolan. Ni ban tuna ba. Amma tunda Radovan ya gani, ai ni ne. Ka tafi da ni kawai."

Kesic ya miƙe. Tausayi ya kama shi, ya karɓi makullin motar ya nufi gareji ya tayar da ita.

Motar irin ta zamanin nan ce da babu agogo mai allura ko ɗaya, sai allo a bayan sitiyari. Kowane direba yana tsara nasa yadda yake so, ya sa sunansa, allon kuma ya riƙe masa yarensa da tsayin kujerarsa da tafiye-tafiyen da ya yi. Na Baba Imre babu tarkace a ciki. Lambar gudu ce ƙatuwa a tsakiya saboda idonsa, komai kuma da Majaranci, yaren mutanen Hungary da kusan rabin garinmu na nan ƙasar Sabiya ke yi. Kujera ta matso gaba daidai gajeren mutum.

"Shi ke nan, Oga," in ji Dobrila. "Allonsa ne, kujerarsa ce. Sai mu rubuta."

"Ke dai da gaggawa kamar an bar miki tukunya a wuta. Dakata."

Mahaifiyar Kesic Bamajariya ce, don haka yana karanta yaren. Ya danna maɓallin jikin sitiyari ya shiga wajen da ake ajiye tafiye-tafiye. Fayau. Babu ta yau, babu ta Lahadin da ta wuce, babu ko ɗaya.

"Mutumin da ke mance inda ya ajiye tabarau, shi zai zauna ya share wannan?"

Ya kashe motar, ya sa aka kawo tsohon, ya zaunar da shi a kujerar direba. Radovan ya biyo su ya tsaya a bakin gareji yana murza hannu. Aka sake tayar da ita. Allon ya kawo haske da gaisuwarsa: Barka da zuwa, Imre Bognar.

Tsohon ya matsar da fuska, ya yamutsa goshi.

"Wane ne wannan?"

"Kun gani ko?" Radovan ya yi saurin cewa. "Ko sunansa ba ya ganewa yanzu."

"Kai, rufe mini baki!" tsohon ya daka masa tsawa, irin wadda yake yi wa yara a bas. "Na san sunana. Ni Bognar Imre ne. Haka ubana ya sa mini."

Kesic ya sake duban allon. Majarawa sunan gida suke fara sawa, sannan na yanka ya biyo. Ko a kan kabari haka suke rubutawa. Babu Bamajaren da zai zauna a cikin motarsa, da yarensa, ya juya sunansa irin na 'yan Sabiya.

Ana cikin haka Piroska ta faɗo gidan da farar rigar kantin magani inda take aiki, tana haki. Kesic ya tare ta a tsakar gida kafin mijin ya kai gare ta.

"Wa ya tsara wa Baba allon motarsa?"

"Ni ce, ranar da aka kawo ta. Yallaɓai, don Allah, ba shi da lafiya..."

"Me kika rubuta a wajen suna?"

"Bognar Imre mana. Me kuma zan rubuta?"

"Su wa ke jin Majaranci a gidan nan?"

"Ni da Baba. Radovan duk tsawon aurenmu ko 'na gode' bai iya ba. Me ya sa kake tambaya?"

Kesic ya juya. Ya koma gareji ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Saja, ki taimaka wa Baba ya sa rigarsa, za mu tafi da shi."

Piroska ta fashe da kuka. Tsohon ya miƙe ba gardama, har da miƙa hannuwansa biyu gaba. Allah ya sani, Kesic bai taɓa jin kunyar aikinsa kamar a wannan lokacin ba, amma ya daure ya juya ga Radovan, wanda hankalinsa ya kwanta a fili.

"Ɗan'uwa, taimaka mana. Saja ce za ta tuƙa motar zuwa ofis, kuma ba ta jin wannan yaren. Ni kuwa na'urorin nan ciwon kai suke sa ni. Ko za ka gwada mayar da shi Sabiyanci?"

"Ba komai, Yallaɓai."

Ya faɗa kujerar. Babban yatsansa ya hau maɓallin: dama, ƙasa, ƙasa, ciki, ƙasa. Bai tsaya ba, bai yi kuskure ba. Kafin ƙiftawar ido allon ya koma Sabiyanci.

Kesic ya dafa ƙofar motar, ya sunkuyo.

"Sannu da aiki. Ni da nake karanta yaren sai da na yi lalube. Kai da ba ka san harafi ɗaya ba, kuma ba ka taɓa zama a nan ba, wa ya nuna maka hanya?"

"Ai... duk motoci haka suke."

"Taka mai allura ce, na san ta. Kuma wa ya rubuta Imre Bognar?"

Radovan ya kalli allon, ya kalli matarsa.

"Radovan," in ji Piroska, muryarta can ƙasa. "Me ka yi?"

Sai ya kifa kansa a kan sitiyari.

"Baba na gyangyaɗi na ɗauki makullin. Wajen bakanike kawai zan je. Allon ne ya dame ni, ba taswira, ba abin da nake ganewa. Ina tafiya ina ta dannawa har na samo inda ake canja yare. Da na ɗago kai... ga ta nan. Wallahi ban gan ta ba."

"Sai ka gudu."

"Da na dawo na ga motar ta ajiye komai a ƙarƙashin sunan Baba, yarena, kujerata, hanyar da na bi. Na goge duka na sake tsarawa. Sannan na tashe shi. Na san ba za a ɗaure shi ba. Tsoho ne, marar lafiya. Zai ma manta."

"Fito," Kesic ya ce. Da ƙyar ya riƙe hannunsa daga abin da zuciyarsa ke raya masa. "Saja, sa masa ankwa."

Ya je gaban tsohon ya sauke masa hannuwan da har yanzu suke miƙe.

"Baba Imre, ba kai ba ne. Yau ko fita ba ka yi ba."

"Ba ni ba ne?"

"Ba kai ba ne."

Tsohon ya yi kuka kamar yaro, yana kiran sunan Jolan.

Dobrila ta tura Radovan cikin motar 'yan sanda. Kesic ya koma kicin don ya yi wa Piroska bayanin abin da zai biyo baya. Ya tarar ta zaunar da uban tana ba shi ruwa. Tsohon ya sha, ya ajiye kofin a kan tebur. Can ya kama hannunta.

"Piroska, sun ce na kashe Jolan."

Ta durƙusa a gabansa.

"Ba kai ba ne, Baba."

Maganar Sufeto ta riga ta zube daga kansa, ta Radovan ce ta zauna. Tun daga ranar, duk safiyar Allah sai ya faɗa, ita kuma sai ta durƙusa ta sake ba shi amsa.