Tambarin da Ke Cikin Falmaran

Renata Zielinski ta fara sanin Lonnie Pruitt ne ranar da ta soke shi da allura. Asabar ce, a kasuwar tsofaffin fayafayai da ake ci duk wata a zauren cocin unguwarsu a Milwaukee. Tana bayan teburin mahaifinta tana ɗinka tambari a falmaran ɗinta na jins, shi kuma ya miƙo hannu zai ɗauki faifai na uku na Slag Harbor, mawaƙan kiɗan nan mai tsananin ƙara da ake kira metal.

"Haka kuke karɓar masu saye?" in ji shi, yana tsotsar yatsa.

"Masu ɗaukar faifai da hannu ɗaya kaɗai."

Daga ranar ya sa mata suna Allura, ita kuma take kiransa Dogo. Kafin ta gama kwashe kaya saƙonsa ya shigo: "Yatsan ya kumbura. Likita ya ce maganinsa kofi da wadda ta yi aika-aikar."

Mahaifinta, Casimir, ya yi shekara talatin a masana'antar narka ƙarfe, kuma shi ya kafa ƙungiyar masoyan Slag Harbor ta garin. Kowane ɗan ƙungiya na da falmaran cike da tambarin mawaƙan da ya gani da idonsa. Ba a saye a ɗinke. Mutum shi ke ɗinka nasa, in ba haka ba sai wanda zai aura ko ya aura. Babban tambarin Slag Harbor da ke bayan falmaran Casimir matarsa Dolores ce ta ɗinka. A 1996 Slag Harbor suka aske gashi, suka rage gudun ganga, suka sa fiyano a faifansu na biyar. Casimir ya saurara sau ɗaya, ya ɗauki reza ya warware tambarin. Har yau akwai murabba'i mai duhu a bayansa inda rana ba ta ci ba. Dolores ta rasu shekara takwas bayan haka, ba a taɓa sa faifan nan a gidan ba.

Ranar Juma'ar da Renata ta kai Lonnie cin soyayyen kifi da 'yan ƙungiya, tambaya ɗaya Casimir ya yi masa.

"Na biyar fa?"

Lonnie ya dubi Renata, ya dubi kifinsa. "Kiɗan ɗakin jiran likitan haƙori ne, yallaɓai."

Teburin ya ɗauki dariya. Casimir ya tura masa kwanon dankali. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, Duane, ɗan aminin Casimir, wanda ya yi shekara uku yana kawo wa Renata tikitin kallon mawaƙa da ba ta roƙa ba.

Wata takwas Lonnie yana zuwa duk Juma'a, kuma babu wanda ya fi shi iya zagin faifai na biyar. Renata na alfahari da shi. Ranar da ya nemi aurenta a bakin tafki, ta ce ta yarda, ya sa mata zobe, sannan ta ce ya kawo falmaran ɗinsa ta ɗinka masa tambari. Ya ce sai bayan biki. Ta ɗauka kunya ce.

Juma'ar da za su gaya wa Casimir, ana zafi, Lonnie ya rataye falmaran a bayan kujera ya je wanke hannu. Duane ya ɗaga shi, ya juyo cikinsa waje, ya shimfiɗa a tsakiyar tebur. A ciki, daidai wajen zuciya, akwai ƙaramin tambari: zanen bangon faifai na biyar. Zaren ya tsufa, gefuna sun goge.

"Ga surukinka, Kawu Casimir," in ji Duane. "Mai fiyano a hammata."

Da Lonnie ya dawo babu mai cin abinci. Casimir ya goge baki a hankali.

"Wanda ya ci kifina wata takwas yana yi mini ƙarya ba zai auri 'yata ba."

Renata ta miƙe. Ta zare zoben ta ajiye kusa da kwalbar gishiri, ta fita.

Saƙonninsa suka yi ta zuwa. Ɗaya kawai ta amsa. Shi ya rubuta: "Allura, faifan nan nake ji tun ina shekara goma sha huɗu. Shi na fi so duk cikin nasu. Na ga idon babanki na tsorata." Ita ta mayar: "Ba faifan ba ne. Duk dariyar da na yi maka a teburin nan, kai kaɗai ka san abin da ake yi wa dariya."

Sati uku ba ta je cin kifin Juma'a ba. Duane ya zo da tikiti biyu, ta karɓi ɗaya ta yaga ta miƙa masa. Wata Lahadi da rana zarenta baƙi ya ƙare, ta sauko da gwangwanin ɗinkin mahaifiyarta daga kan kabad, wanda ba a buɗe ba tun rasuwarta. Ƙarƙashin maɓallai akwai tambarin da Casimir ya warware, a naɗe. A cikinsa akwai kaset na faifai na biyar, rubutunsa ya kusa gogewa don yawan taɓawa.

Ta sami mahaifinta a gareji yana wanke mota. Ta ɗora kaset ɗin a kan bonet.

"Baba, na waye wannan?"

Ya daɗe yana matse soso. "A mota take ji. In za ta je aiki."

"Ka sani?"

"Ina jin sa tun daga kwanar titi. In ta iso ƙofa sai ta kashe."

"Shekara takwas tana zagin sa tare da kai a teburin nan."

"Ta fi kowa iyawa."

"Kuma ba ka taɓa ce mata ta bar shi ya ƙarasa ba."

Casimir ya ci gaba da wanke mota. Renata ta tsaya tana kallon murabba'in nan na bayansa. Tun tana yarinya ake gaya mata mawaƙan nan huɗu na Slag Harbor, da ba su ma san da zamansu ba, sun ci amanar gidan nan. Ba wanda ya gaya mata mutum biyu da suke ƙaunarsu, mahaifiyarta da Lonnie, sun yi ta ƙarya don a bar su su zauna a teburin.

Ta rubuta wa Lonnie: "Dogo, ka zo Juma'a da falmaran. Ban huce ba. Ka zo dai."

Ya zo. A gaban 'yan ƙungiya ta karɓi falmaran ɗin, ta warware ƙaramin tambarin daga ciki, ta juya, ta fara ɗinka shi a waje, a ƙirji. Kowa a wurin ya san wanda ke da ikon ɗinka wa wani. Duane ya tashi ya tafi.

"Faɗi gaskiya yanzu," ta ce, ba ta ɗago ba.

Lonnie ya gyara murya. "Yallaɓai, na biyar ya fi na uku. Waƙar ƙarshe ma ta fi duk abin da suka taɓa yi."

"Kai kurma ne," in ji Casimir.

"Mai yiwuwa, yallaɓai."

"Fiyano, a kiɗan metal."

"Har da goge a ta shida."

Wani ya tuntsire da dariya a ƙarshen tebur. Casimir ya dubi hannun 'yarsa, yadda take ninka zare sau biyu a kowace kusurwa kamar uwarta. Ya sa hannu a aljihu ya fito da zoben, wanda ya ɗauke daga gefen gishiri tun ranar, ya tura mata.

An ɗaura auren a watan Oktoba, a cocin da suka haɗu. Ango ya sa falmaran a kan kwat. Da lokacin rawar amarya da mahaifinta ya yi, Renata ta miƙa wa mai sa kiɗa kaset ɗin Dolores. Fiyano ya fara. Casimir ya riƙe ta, suka taka har waƙar ta ƙare, minti bakwai cif, bai ce a kashe ba.

Da aka ba shi makirufo ya yi wa ma'aurata addu'a, ya tsaya yana kallon Lonnie.

"Faifan nan har gobe shara ne," ya ce. "Ku sa shi da ƙarfi a gidanku. Allah ya yi muku albarka."