Rigar Sanyi a Tsakiyar Bazara

"Innalillahi... Baffa!"

Abin da ya kuɓuce daga bakin Ruwaida ke nan, tana riƙe da tiren abinci.

Mahaifinta, Alhaji Manga, yana zaune a gindin mangwaron tsakar gida. Ranar bazara ta ƙwalle kamar za ta soya ƙwai a kan siminti, amma shi suwaita ce a jikinsa. Suwaitarta! Ruwan toka mai ratsin shuɗi a wuya, ya saka maɓallan har maƙogwaro.

"Lafiya, ɓingel am?" ya tambaya, yana kiranta 'yata da Fulatanci, gumi na bin gemunsa. "Hamna ce ta kawo min, ta ce ni kika saƙa wa. Allah ya yi miki albarka."

"Amin, Baffa..."

Da ƙyar ta haɗiye sauran maganar.

Tun damina take fama da rigar nan. Madam Keziah mai shagon ulu a Kasuwar Jalingo ce ta koya mata riƙon tsinke, tana yi tana mita da Hausarta ta 'yan koyo: "Kai, wannan yarinya! Ko hula ba ka iya ba, za ka fara da mai botin?" Allah kaɗai ya san sau nawa ta warware hannun hagu ta sake. Duk saboda Sirajuddeen, malamin gona da aiki ya kai Gembu, can saman tsaunin Mambila, wanda kullum a waya sai ya ce, "Sanyin nan zai kashe miki ni, Ruwaidata."

Manyansa sun zo neman aure, Baffa ya ce a dakata.

"Ban taɓa jin ta ce tana sonsa ba," ya ce da Inna Fanta, mahaifiyarta. "Ba zan tura 'yata kan dutse da zato ba."

Ita kuwa ina za ta iya? Yarinyar da ko sunansa ba ta iya kamawa a gaban Baffa! Ga shi gobe Sirajuddeen zai koma Gembu, kuma jiya ya faɗa mata cikin sanyin murya, "In ban ga wata alama ba kafin na tafi, zan haƙura. Ba zan ci gaba da takura wa gidanku ba."

Alamar ce Baffa yake zufa a ciki.

Ta faɗa kicin kamar an jefo ta. Hamna, 'yar ƙanwar Inna da ke zaune a gidan, tana tsintar shinkafa hankali kwance.

"Me na yi miki, Hamna?"

"Lada na samo miki, Adda."

"Kin san ta waye!"

"To je ki ce masa ya tuɓe mana. Ki ce, Baffa, ta saurayina ce." Ta kwashe da dariya. "Ke da ko fanka ba kya so, me za ki yi a Gembu? Ni kuwa sanyi yana karɓata."

Yanzu Ruwaida ta gane wanda yake kai wa Inna labarin wai tana kuka duk aka ambaci Gembu.

Kafin ta buɗe baki aka yi sallama a ƙofar gida. Muryar da ko cikin hayaniyar unguwar Sintali gaba ɗaya za ta tsince ta.

"Shigo mana, Sirajo," in ji Baffa.

Ta leƙa ta jikin labule. Ya shigo cikin farar shadda, ya durƙusa ya gaida Baffa. Sai idonsa ya sauka a kan rigar. Shi ya zaɓi kalar, ranar da ta yi masa wayo ta tambaye shi wacce ya fi so.

"Ka ga abin da 'yata ta yi min?"

"Ta yi kyau, Baffa." Muryarsa ta yi ƙasa. "Dama sallama na zo yi... Allah ya bar zumunci."

Ya miƙe.

Ba ta san lokacin da ta fito ba. Ta zube a gefen tabarma, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Baffa..."

"Na'am."

"Rigar... ba taka ba ce."

Har Inna ta leƙo daga ɗaki.

"To ta wa ce?"

"Tasa ce."

"Shi wa? Maza sun yi yawa a garin nan."

Wayyo kunya! Ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta dubi takalman Sirajuddeen da suka juya suna fuskantar ƙofa, ta runtse ido.

"Ta Sirajuddeen ce, Baffa. Shi na saƙa wa... kuma ko ina ne zan bi shi."

"Alhamdulillahi!" Baffa ya fara ɓalle maɓallai da sauri. "Wallahi saura kaɗan na narke! Wa ke saƙa wa mutumin Jalingo rigar sanyi ana wannan wutar? Tun azahar nake zaune ina jiran ki buɗe baki, ke kuwa kina ta amin, amin!"

Inna ta toshe baki da gefen zane, kafaɗunta na girgiza.

"Hamna!" Baffa ya ɗaga murya. "Kawo min ruwan sanyi, tunda ke kika jawo min."

Ta kawo ruwan, kanta a ƙasa, ta koma ba ta ko waiwayo ba.

"Ungo, gwada mu gani," in ji Baffa, yana miƙa wa Sirajuddeen rigar.

Sirajuddeen ya karɓa da hannu biyu, ya zura. Kafaɗar ta zubo kusan gwiwar hannu, hannayen suka haɗiye yatsunsa, gaban ya yi zuru-zuru kamar an rataya wa sanda buhu.

Ruwaida ta zaro ido.

"Ɓingel am, yaya kika auna shi?"

"Da ido, Baffa... In ya zauna a kujerar zaure, kafaɗunsa suna cika bayanta. Sai na auna kujerar."

"Ayya, 'yar nan!" Inna ta kasa daurewa. "Da shadda mai sitati yake zuwa zance. Ai sitatin kika auna!"

Dariya ta ɓarke har Baffa yana share hawaye.

"Zan sa ta a haka," Sirajuddeen ya ce, yana rungume rigar a ƙirji. "Zan yi ƙiba, Baffa, na yi alkawari!"

"Tuɓe min rigata, malam. An ba ni, na yi godiya, kuma ta zauna min ɗas. Ka ce wa manyanka su dawo. Taka kuwa, awo sai bayan ɗaurin aure."

Ruwaida ta kwasa da gudu ta yi ɗaki, dariya da hawaye suka cakuɗe mata.

Bayan sallah aka ɗaura. Satinsu na farko a Gembu, hazo ya lulluɓe gari da safe, ta tsayar da shi a tsakar ɗaki da singileti, igiyar awo a wuyanta, haƙoransa na haɗuwa.

"Yi sauri, hasken idona, zan daskare!"

Ta zagaya igiyar a ƙirjinsa, ya ja numfashi ya bubbuɗa kamar ɗan dambe.

Ta ɗan dungure shi da tsinken saƙa.

"Sauke numfashin, rabin raina. An cuce ni sau ɗaya, ba za a ƙara ba."