Shafin Neman Mahaman

Ranar kasuwar Tamaske Ni'ima ta fara ganin Ridwan. Yana zaune ƙarƙashin rumfar kwano, gabansa tebur cike da salula da ake caji da faifan sola. Ta miƙa masa tata, gilashinta ne ya tsage. Da ya kunna ta sai foton wani saurayi mai tabo a gira ya bayyana, ya tambaye ta ko mijinta ne.

"Yayana ne, Mahaman," in ji ta. "Shekara uku ke nan da ya tahi Libiya aikin gini. Shekara biyu ba mu ji muryarshi ba."

Ridwan ya ajiye wayar ya dube ta sosai. Ita ma a lokacin ta lura da idanunsa, masu sanyi, na mutumin da ba ya gaggawar magana. Ta gaya masa ta buɗe shafi a Fesbuk tana cigiya, amma ko mutum ɗaya bai taɓa amsawa ba. Da ya nemi ganin shafin sai ya girgiza kai. Sunan da ta sa shi ne "Ƴar Inna Mai Haƙuri", kuma ta kulle shi, ƙawayenta goma sha biyu kaɗai ke iya gani.

Ya yi mata bayani a hankali cewa wanda ya san Mahaman a can, in zai nemi danginsa, sunansa da garinsu zai rubuta a Gugul, ita kuwa babu ko ɗaya a shafinta. Nan take suka sauya sunan zuwa "Neman Mahaman Jibril Tamaske". A wurin bayani ya rubuta sunan iri uku, da Hausa, da rubutun Faransanci, da haruffan Larabci. Ya ƙara Sabha, garin da aka ji shi na ƙarshe, da sana'arsa, da tabon girarsa. Ya buɗe shafin ga kowa, ya cire fotonta ya bar na yayanta, ya sa lambarsa maimakon tata don kada ƴan iska su dame ta. Ya ce ta riƙa rubuta wani abu duk sati, shafin da aka bari shiru nutsewa yake yi.

Haka ta riƙa zuwa rumfar duk ranar kasuwa. Bayan wata guda, in aka rubuta sunan Mahaman da Tamaske, shafin ne ke fara fitowa. Kafin nan kuwa hirarsu ta daɗe da wuce maganar shafi. Ta san cewa ya yi lise, wato sakandare, a Tawa, ya dawo gida saboda idon mahaifiyarsa ya mutu. Shi kuma ya san ba ta iya cin tuwo in an sa kuka, don miyar da Mahaman ke so ce. Wata safiya saƙonsa ya shigo:

"Ni'imata, jiya mutum ɗari huɗu sun ga shafin. Ni kuma mutum ɗaya nake son gani, ba ta zo ba. Ki ba ni izini in turo kawuna wurin Baba."

Ta karanta sau biyar kafin ta amsa: "Sanyin idona, ka turo. Amma ka san gidanmu ba gidan farin ciki ba ne yanzu."

Malam Jibril, mahaifinta, manomin albasa ne, tun ɓatan ɗansa ya zama mai ƙarancin magana da saurin fushi. Ya karɓi kawun Ridwan da mutunci, ya sallame shi babu amsa. Dama akwai Abdulhakim, dillalin albasa daga Madawa da ke sayen amfanin gonarsa, wanda shi ma ya nuna yana son Ni'ima, ita ko ta ƙi sauraronsa. Shi ya kawo wa Malam Jibril waya ya nuna masa shafin, ya ce ga yadda mai gyaran salula ya baje sirrin gidansa a duniya, har wasu na rubuta a ƙasa cewa a haƙura, hamada ta cinye yaron. Malam Jibril ya kira ɗiyarsa ya ce ɗansa na da rai, ba ya son a yi masa zaman makoki a waya, kuma ƙafarta kada ta sake taka rumfar nan.

Ta bi umarni, sai dai saƙo bai yanke tsakaninsu ba, har ran da Ridwan ya yi shiru. Kwana ɗaya, biyu, huɗu. Ta kira, ba ya ɗauka. Abdulhakim ya tsaya a ƙofar gida yana gaya wa mahaifiyarta Cima, da murya yadda za a ji daga ciki, cewa an ga Ridwan a tashar Madawa ya hau motar garin Urno, wai aure ya je nema. Ni'ima ta shige ɗaki ta rubuta: "In ka gaji da ni da matsalar gidanmu, da ka faɗa mini da bakinka. Na gode da abin da ka yi." Ba amsa.

Rana ta biyar da la'asar Ridwan ya yi sallama a ƙofar gida, fuskarsa ta faɗa, rigarsa duk ƙurar hanya. Daga bayan zana Ni'ima ta ji komai. Wani mutumin Urno mai suna Ɗanasabe, wanda ya yi aiki tare da Mahaman a Sabha, ya dawo gida ya rubuta sunan a Gugul, ya tarar da shafin, ya kira lambar. Ridwan ya ƙi faɗa wa kowa sai da ya je ya gan shi ido da ido. Bango ne ya rufto wa Mahaman a wurin gini, shekara biyu da suka wuce. Ɗanasabe na cikin waɗanda suka yi masa wanka suka binne shi. Ridwan ya ajiye wata ƴar jaka a gaban tsohon, a ciki akwai carbi, da katin shaida, da rigar da Cima ta ɗinka wa ɗanta da hannunta.

Malam Jibril ya daɗe yana kallon jakar. Sannan ya ce, "Tashi ka bar mini gida. Da ba ka zo ba, da yanzu ina da ɗa."

Aka yi zaman makoki na kwana uku. Ni'ima ta rame, ba ta san wanne ya fi cin ta ba, rashin yayanta ko kalaman da ta tura wa Ridwan. Ta rubuta masa, "Ka yahe mini." Ya amsa, "Ban riƙe ki da komai ba, Ni'imata. Na kasa ɗaukar kiranki ne don ban iya yi miki ƙarya." Bayan wannan bai sake turo komai ba, don girmama maganar mahaifinta.

Wata biyu suka shuɗe. Abdulhakim ya sake turo mutanensa, Ni'ima ta durƙusa gaban mahaifinta ta ce ya yi haƙuri, zuciyarta ba ta can. Bai tilasta ta ba. Cima ce, wadda ba a taɓa jin ta ja da mijinta ba, ta same shi yana gyaran buhunan iri ta ce:

"Malam, shekara biyu ina sallah ban san ko addu'ar mai rai zan yi ma ɗana ba ko ta mamaci. Yaron nan ya sa na sani. Ba shi ya ture bangon ba."

Tsohon ya ajiye buhun da ke hannunsa. Ranar kasuwa ta gaba ya sa babbar rigarsa ya tafi rumfar da kansa. Mutane sun ce ya tsaya a gaban teburin ya ce wa Ridwan, "Na zalunce ka. Ka ce ma kawunka ya dawo."

Bayan an cire albasa aka ɗaura auren a ƙofar gidan, babu kiɗa, babu taro mai yawa. Ɗanasabe ya zo daga Urno, Malam Jibril ya zaunar da shi kusa da shi. Da za a fita da amarya, Ni'ima ta riƙe mahaifiyarta tana kuka har sai da aka ɓamɓare hannunta. Mahaifinta ya kama hannun ya sa a cikin na Ridwan.

"Ita kaɗai ta rage mini," ya ce. "Ka riƙe ta da gaskiyar da ka riƙe ni da ita. Allah ya jiƙan wanda ya tahi, ya albarkaci zamanku."

Jama'a suka amsa da amin, Ridwan ya sunkuyar da kai ya ce, "Na karɓa, Baba."